Kakana ma'aikacin reluwe ne, amma a bakin Kwara ya yi aikinsa. Me ya haɗa su?

Jikar Heluma, daga Minna:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina da tambaya ga masana tarihin jirgin ƙasa, musamman iyayenmu da suka ci gishiri a aikin reluwe.

Gwaggona ta rasu watan jiya. Bayan sadakar bakwai muka jawo wata tsohuwar adaka daga ƙarƙashin gadonta, sai ga kayan kakanmu, wato mahaifinsu ita da babana: wata hular kaki da asu ya cinye gefenta, da usur na ƙarfe, da takardar fansho da ta yi ja don daɗewa. Takardar ta reluwe ce, ga hatiminsu nan a sama, kuma a gurbin wurin aiki an rubuta Baro.

Abin da ya ɗaure mini kai ke nan. Na tashi a gaban Kaka, kuma duk hirar da ya yi mana ta ruwa ce. Ban taɓa jin ya yi zancen tuƙin jirgin ƙasa ko yankan tikiti ba. Kullum zancensa kwata, da ranar da ruwa ya kawo, da jirgi mai hayaƙi da ke turo manyan kwale-kwalen ƙarfe, da buhunan gyaɗa da ake gangarowa da su daga sito a ka. Heluma ne shi, yana da tawagarsa ta leburori. Bakatsine ne daga wajen Malumfashi, amma in yana Nufanci sai ka rantse a Bidda aka yanke masa cibiya. Yakan ce shekararsa wata uku ce, daga cikar kogi zuwa janyewarsa, a lokacin barci sai ɓarawo.

To ina haɗin ma'aikacin jirgin ƙasa da bakin kogi? Reluwe ce ke da tashar ruwan? Jiragen ruwan ma nata ne? A Baro kaɗai aka yi haka ko har da wasu wurare? Kuma yaushe aka raba su?

Ni malamar firamare ce. Ranar nan na tambayi 'yan ajina ina dogon Minna ya nufa, suka ce Kaduna da Legas. Ko ɗaya bai san akwai wani layi da ya gangara kudu har bakin Kwara ba. Ina so in ba su labarin, amma ba na so in koya musu abin da ban tabbatar ba.

Tsohon Akawun Kaya, daga Zariya:

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya jiƙan gwaggonki, ya kai haske kabarin kakanki. Ɗana ne ya karanto mini tambayarki, ina faɗa yana rubutawa, don idanun sun yi rauni. Na yi aikin ofishin kaya a Zariya da Kaduna da nan Minna ɗinku. Ban riski Baro a ganiyarta ba, amma na koyi aiki a hannun waɗanda suka riske ta.

Takardar kakanki ba ta yi kuskure ba. Abu na farko da za ki gaya wa yaran shi ne, Turawa ba su shimfiɗa dogo don mu riƙa kai wa juna ziyara ba. Sun shimfiɗa shi ne don kaya su isa bakin ruwa, jirgi ya kwashe zuwa Ingila. Saboda haka duk wani layi na farko a ƙasar nan ƙafarsa ɗaya a ruwa take. Na yamma ya tashi daga Iddo a Legas, ya kai Badun a 1901. Na gabas ya tashi daga Fatakwal. Namu na Arewa kuwa daga Baro.

A lokacin Arewa da Kudu gwamnatoci biyu ne, kuma Turawan Arewa suna son tasu hanyar zuwa teku wadda ba ta bi ta Legas ba. Kwara ce hanyar. Aka zaɓi Baro, sama da Lakwaja, saboda in ruwa ya cika jiragen da suka taso daga bakin teku suna iya kaiwa can. Gwamnan da ya tsaya a kan aikin, Percy Girouard, wanda ya zo a 1907, shi kansa injiniyan dogo ne mutumin Kanada. Duk ƙarfen da aka shimfiɗa daga Baro zuwa Kano, mil 356, da kan jirgi da taragu, ta kogi aka shigo da su aka sauke a wannan kwatar da kakanki yake ba ku labari. Dogo ya isa Kano a 1911. Kin ga ashe kwata ce ta haifi layin, ba layin ne ya haifi kwata ba. Daga Baro zuwa Minna mil 111 ne, mun haddace shi don da shi muke lissafin kuɗin kaya.

Amma ki bambanta abu biyu. Sito da sikeli da 'yan layukan da suka gangara bakin ruwa da masu lodi irin su kakanki, wannan ɓangaren reluwe ne. Jiragen da ke zirga-zirga a Kwara kuwa akasarinsu ba nata ba ne. Akwai na sashen jiragen ruwa na gwamnati mai mazauni a Lakwaja, akwai na kamfanonin Turawa, Kamfanin Neja wanda daga baya ya narke cikin UAC, da John Holt. Su ne ke kwasar gyaɗa da auduga su gangara da su tashoshin Burutu da Warri kusa da teku.

Inda reluwe ta riƙe jirgin ruwa nata na kanta shi ne Jebba. Layin Legas ya iso bakin Kwara a 1909, ga kogi ya tare hanya, gada kuwa ba aikin kwana ɗaya ba ce. Sai aka kawo jirgin fito mai suna Fabius, wanda aka shimfiɗa wa dogo a bisa bayansa. A turo taragu kaɗan su hau, ya ƙetare da su, wani kan jirgi ya karɓe su a ɗaya gaɓar, ya komo ya ɗebi saura. Haka aka yi ta yi har aka buɗe gadar Jebba a 1916. Wani dattijo da na yi aiki a ƙarƙashinsa yakan ce babansa ya hau shi, kuma wahalar ba a tsakiyar kogi take ba, a gaɓa take, domin ruwa na hawa yana sauka, kullum sai an daidaita gangaren dogon da bakin jirgin.

Kuma a nan ne Baro ta fara samun kishiya. A 1912 layin Legas ya haɗu da na Baro a Minna, aka gama su wuri ɗaya suka zama reluwe ɗaya ta Nijeriya. Da gada ta samu, tarago na iya tashi daga Kano ya sauka Legas ba a taɓa buhu ko ɗaya ba, rani da damina. Baro kuwa sai an jira ruwa. Duk da haka ba ta mutu ba, domin a shekarun dalar gyaɗa dogon Legas ba ya iya kwashe abin da Kano ke tarawa, dole a karkatar da wani ta kogi. Ina jin zamanin kakanki ke nan.

Tambayarki ta ƙarshe. A Legas da Fatakwal ma, lodi da sauke kaya a bakin tasha aikin reluwe ne. Sashen jiragen ruwa yana kula da mashigi da shigo da jirgi, sashen ayyuka yana gyaran gini, reluwe tana riƙe da kaya. Fatakwal dama don kwal ɗin Inugu aka kafa ta, jirgin ƙasa ya fara kawo shi a 1916. An gama manyan matsayan jirage na farko a Apapa a 1926, da dogo har gindin jirgi. A 1954 aka yi dokar tashoshin jiragen ruwa, Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa ta fara aiki a watan Afrilu na 1955, kuma a wannan shekarar ce reluwe ta tashi daga sashen gwamnati ta zama hukuma mai cin gashin kanta. Nan aka raba gari.

Ni a ganina rabuwar ba laifi ba ce, aikin tasha ya yi girman da yake buƙatar mai shi. Abin da ke ci mini rai shi ne abin da aka rasa daga baya. A da takarda ɗaya ce ke raka kaya daga sikelin Kano har ƙugiyar da za ta ɗaga su cikin jirgi, kuma wanda ya san ranar zuwan jirgin ruwa shi ne ke tanadin taragu. Da dogo ya raunana, sai duk wannan nauyi ya koma kan titi. Wanda ya ga layin tireloli a hanyar Apapa ya san abin da nake nufi.

Ɗan Wadata, daga Makurɗi:

Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, mun ƙaru. Sai dai kada a manta da mu. Abin da aka yi a Jebba an maimaita shi a Binuwai, har ma ya fi kusa da zamaninmu. Layin gabas ya iso Makurɗi a 1924, aka ci gaba da shi ta Kafanchan har Kaduna, amma babu gada. Shekara da shekaru jirgin fito na reluwe ne ke ƙetarar da taragu, har da na kwal ɗin Inugu da ake kaiwa Arewa. Sai a watan Mayu na 1932 Gwamna Donald Cameron ya buɗe gadar, wadda kamfanin William Arrol na Sikotilan ya gina. Tsawonta ya kai kusan rabin mil, jirgi da mota duk a kanta suke bi. Ita ce muke kira tsohuwar gada yau.

Malama, yawancin tsofaffin gidajen Hausawa a unguwarmu in kika bi salsala za ki tarar ko fito ko aikin gada ko fatauci a bakin kogi ne ya kawo kakanninsu. Namu kakan daga Bauci ya zo yana sayar wa ma'aikatan gada abinci, ya ga wuri ya zauna.

Jikan Takari, daga Bur Sudan:

Salamu alaikum 'yan'uwa na gida. Ni haifaffen Mai Wurno ne a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, garin da ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a 2023 ne ya kawo mu Bur Sudan, a sa mu a addu'a. Ku yi haƙuri da Hausata, ta sha Larabci.

Hajiya, abin da kika gani a takardar kakanki a wajenmu ba abin mamaki ba ne, domin a Sudan reluwe, wadda muke kira sikka hadid, ta fi taku faɗin hannu. Tun 1918 aka haɗa mata jiragen kogi. Mu babur muke ce wa jirgin ruwa mai hayaƙi, kwale-kwalen ƙarfe da yake turawa kuma sandal. Sikka hadid ce ke da babur ɗin da ke tashi daga Kosti ya bi Farin Nilu har Juba, tafiyar fiye da kilomita 1,400, da sandal ɗaure a gabansa da gefensa, mutane da awaki da buhunan dawa duk a kai. Ita ce ke da na Karima zuwa Dungula. Ita ce ke da na Wadi Halfa zuwa Shallal kusa da Aswan, wanda ke haɗa dogon Sudan da na Masar, tunda layukan biyu ba su taɓa haɗuwa a tudu ba. Tashar Bur Sudan ɗin nan da nake hangowa, da aka buɗe a 1909, a hannunta take, har manyan masaukan baƙi. Komai daga Atbara ake juya shi, can ne hedikwata. Sai a 1973 aka cire jiragen kogi aka ba su hukumarsu, a 1974 aka cire tashar teku.

Baba na Zariya ya ambaci Girouard. To shi ne dai ya ja dogo daga Wadi Halfa ya keta sahara zuwa Abu Hamad a 1897, lokacin da sojan Kitchener, janar ɗin Ingila, ke gangarowa yaƙi da mutanen Mahadi. Can ma daga bakin kogi ya fara. Faɗin dogonmu da naku ma ɗaya ne, ƙafa 3 da inci 6.

Abin da ya sa na shigo zancen shi ne alhazan ƙafa. Kakana ya taso daga Haɗeja da ƙafa, ya bi ta Barno da Wadai da Darfur. Yakan ce ranar da ya ga dogo a Al-Ubayyid, inda layin ya iso a 1912, ya zauna ya yi kuka, don ya san ƙafarsa ta kusa hutawa. Bai hau nan take ba, sai da ya yi shekaru yana tsinkar auduga a Jazira kafin ya tara kuɗin hanya. Daga nan jirgin ƙasa ya kai shi bakin Bahar Maliya, aka tsare su a karantina a Sawakin, sannan suka hau jirgin Jidda. Wannan jirgin na teku ba na sikka hadid ba ne, na kamfanonin waje ne. Da ya dawo daga Makka bai koma Haɗeja ba, ya yi aikin dako a wannan tashar, kuma albashinsa daga sikka hadid yake fitowa, kamar na kakanki.

Bazangon Kumasi:

Mu ma a Gana haka abin yake. Dogo ya tashi daga Sekondi a bakin teku ya iso Kumasi a 1903. A lokacin jirgi a nesa yake tsayawa, sai ƙananan kwale-kwale su yi ta kai-komo cikin igiyar ruwa, kaya da yawa a nan suke jiƙewa. Da aka buɗe tashar Takoradi a 1928, reluwe da tasha hukuma ɗaya ce, ba a raba su ba sai 1977.

Wannan ne ya sauya cinikin goro gaba ɗaya. Kakanninmu da jakuna suke zuwa Gwanja, wata da watanni a hanya. Da aka samu dogo, sai a ɗora huhu a Kumasi, a sauke a Sekondi, jirgin ruwa ya kai Ikko, daga Iddo kuma jirgin ƙasa ya kai Kano. Alhassan Ɗantata yana cikin waɗanda suka fara bin wannan hanyar ta ruwa. Goro kuwa ba ya son jira, kwana kaɗan a rana a bakin tasha sai ya bushe ko ƙwaro ya shige shi, shi ya sa fatake suka fi kowa sanin darajar tarago ya tarar da jirgi yana jira.

Ɗan Katcha:

Na gode wa kowa, amma akwai gefen da ba a taɓo ba, kuma tunda yara za a koya wa, ya kamata a faɗa. Ni Banufe ne, garinmu a kan layin yake, tsakanin Baro da Badeggi. Wannan dogon ba da yardar kakanninmu aka yi shi ba. Turawa ne ke yanka wa sarakuna adadin mutanen da za su kawo, sarakuna su yanka wa dagatai, a ɗebo manoma daga gonakinsu a kai su sarar daji da ɗaukar ƙasa a kwando. Ƙasar Nufe ce ta fara ɗaukar wannan nauyin, don a nan aikin ya soma. Baro kuma wuri ne mai ƙudan tsando da sauro, Turawa suka hau kan dutse suka gina gidajensu inda iska take, leburori suna ƙasa. Har yau tsofaffinmu suna ba da labarin waɗanda aka ɗiba ba su dawo ba.

Game da yau kuma, Malama: a 2009 Shugaba 'Yar'aduwa ya ƙaddamar da yashe Kwara daga Warri zuwa Baro, kilomita 572. A watan Janairu na 2019 Shugaba Buhari ya zo ya buɗe sabuwar tashar Baro, wadda ke ƙarƙashin hukumar hanyoyin ruwa ta cikin gida. Mun yi murna ƙwarai. Ga gini, ga sito, ga ƙugiyar ɗaga kaya, amma tsohon dogon ciyawa ta rufe shi, hanyar mota daga Agaie kuma da damina sai mai ƙarfin hali. In jirgi ya sauke kaya, da me za a fitar da su? Abin da Baba ya faɗa ne: mutanen 1907 ba su taɓa tunanin kwata ba tare da dogo ba. Ni ban ƙi a ce wata hukuma daban ce ke riƙe da tashar ba, a dai dawo mana da mil 111 ɗin nan.

Ki zo ki gani da idonki. Tsohuwar tashar jirgin ƙasa tana nan, da kangayen sito, kuma daga kan dutsen ana ganin kogin har inda ya yi kwana.

Jikar Heluma, daga Minna:

Jama'a, Allah ya saka da alheri. Baba na Zariya, Allah ya ƙara wa idanu haske, na kwafe bayaninka kaf a littafin darasina. Ɗan'uwa na Sudan, Allah ya kawo muku zaman lafiya, ya mayar da ku gida. Ɗan Katcha, zan faɗa wa yaran zancen aikin tilas, ba zan tsallake shi ba, akwai 'ya'yan Nufawa da yawa a ajina.

Jiya na ɗauki usur ɗin na kai wa Baffa, ƙanin babana, shi kaɗai ya rage a ɗakinsu kuma a Baro aka haife shi. Yana ganinsa ya gane shi. Ya ce jirgin ruwa kan yi kuka tun yana bayan kwana, sau da yawa cikin dare, sai Kaka ya fito tsakar bariki ya busa wannan usur sau uku, kowa ya ɗauki gammonsa. Na tambaye shi wa ke biyansu. Ya ce ai jirgin biya ne ke zuwa daga Minna ƙarshen wata, tarago ɗaya da akwatin kuɗi da ɗan sanda, a kira suna mutum ya dangwala yatsa. Ya ce masu jirgin ruwa ba su taɓa ba Kaka ko anini ba, sai dai wani lokaci su ba shi gishiri ko kananzir kyauta.

Baffa ya ce in zan je Baro sai na tafi da shi, yana so ya nuna mini inda ɗakinsu yake da kabarin wata ƙanwarsu. Ɗan Katcha, muna so mu zo kafin ruwa ya janye, don in ga kogin a cike yadda Kaka ya san shi. Da tsoho mai shekara tamanin, ta Agaie za mu bi, ko ya fi sauƙi mu zo Katcha mu hau kwale-kwale?